Anti, ɗalibin likita ne ni, kuma tramol ya fi ƙarfina

Assalamu alaikum Anti. Ina aji huɗu a makarantar koyon aikin likita, a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na Arewa. Na fara shan tramol lokacin da muke shirin babbar jarrabawar nan ta anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, wadda ake korar mutane a kanta. Wani na gaba da mu ne ya ba ni, ya ce yana kashe gajiya. Na ci jarrabawar, amma ban daina ba. Da mai 100 na fara, yanzu sai na sha mai 225 safe da yamma kafin in ji ni daidai. Da daddare barci ba ya zuwa sai na haɗa da D5, wato diyazefam. Sigari ma ya shigo, kara biyar zuwa shida a rana. Giya dai ban taɓa sha ba, amma abokai suna ce min kwalba ɗaya ta fi D5 sa barci. Watan jiya na faɗi a ɗaki ina jijjiga har na ciji harshena. Abokin ɗakina kaɗai ya gani, na roƙe shi ya rufa min asiri, muka ce wa mutane zazzaɓi ne. Anti, na karanta famakoloji, wato ilimin magunguna, na san duk abin da ƙwayar nan take yi. Shirina in bari mu gama jarrabawar da ke gabanmu nan da mako shida, sannan in riƙa ragewa da kaina lokacin hutu. Ba zan iya zuwa sashen ƙwaƙwalwa na asibitinmu ba, duk malamaina ne a wurin. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, a unguwa har an fara kiransa Baban Likita. Ina salla, amma ji nake kamar munafuki. Shirin nan nawa ya yi?

Ɗalibin likita, aji huɗu

Wa alaikumus salam, ɗana.

Shirinka bai yi ba. Da a ce ba ka faɗi ba, da ma sai mu tsaya mu yi ja-in-ja a kan lokacin da ya fi dacewa. Amma ka faɗi, ka yi jijjiga, ka ciji harshe, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe batun jiran mako shida. Likita nake so ka gani cikin kwana biyun nan.

Ka yi lissafin da kanka. Mai 225 sau biyu miligiram 450 ke nan a rana, alhali iyakar da littafinku ya yarda a ba babban mutum mai ciwo na gaske ita ce 400. Wanda kuwa ya taɓa yin jijjiga a kan tramol, kai da kanka ba za ka rubuta masa ko mai 50 ba idan shi ne a gabanka. To ka duba makonnin da kake son ka jira. Su ne makonnin da barcinka zai fi raguwa, rashin barci kuma da kansa yana tayar da jijjiga. Su ne makonnin da za ka ce bari in ƙara rabi don in gama wannan babin. Wancan karon Allah ya sa a ɗaki ka faɗi, da mutum a kusa. Na gaba zai iya samunka a banɗaki ka kulle ƙofa, ko a bayan babur a tsakiyar titi, ko a saman bene, ko a ɗakin tiyata an miƙa maka ƙarfe ka riƙe a cikin cikin mutum.

Ka ce ka san duk abin da ƙwayar take yi. Tramol ɗin littafi ka sani. Abin da kake saya kuwa babu wanda zai iya rantse maka a kansa. Hukumar NAFDAC mai 50 da mai 100 ta amince da su, mai 225 ta bayan fage yake shigowa. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa wasu ƙwayoyi a Indiya da tafentadol da karisofrodol, ana turo su Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Ghana, ana sayarwa a titi a irin kwalin da masu sha suka saba gani. Bayan rahoton ne gwamnatin Indiya ta haramta wannan haɗin. Tafentadol ya fi tramol ƙarfi, karisofrodol kuma mai saki jiki ne da danne ƙwaƙwalwa. Ta yaya za ka tsara wa kanka ragewa daki-daki a kan abin da ba ka san adadinsa ba, ba ka ma tabbatar da sunansa ba?

Sai D5. Diyazefam da dangin ofiyom irin su tramol idan suka haɗu, numfashi suke dannewa tare, kuma irin wannan haɗin ne ke sa a wayi gari a tarar da saurayi a kan katifarsa an ce barci ya yi bai farka ba. Giyar da abokanka ke maka talla ita ce ta uku da za ta cika aikin. Na ji daɗi ƙwarai da ka ce ba ka taɓa ta ba. Ka riƙe wannan da hannu biyu. Giya tana kawo barci da wuri ne ta lalata sauran daren, ga haramcinta, ga shi a jikinka yanzu kwalba ɗaya tana iya zama ajali. Kada kuma ka kwantar da rai cewa ai asibiti na kusa, akwai nalokson. Allurar tana dawo da numfashi, amma ba ta tsayar da jijjigar tramol, ba ta kuma taɓa diyazefam.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne jimlar nan ta "na karanta famakoloji". Na ji ta a bakin ɗalibai, na ji ta a bakin ma'aikatan jinya, na ji ta a bakin manyan likitoci. Ilimin gaskiya ne, amma ƙwaya ta iya ɗaukarsa aiki. Wanda bai yi karatu ba idan ya faɗi yana jijjiga sai tsoro ya kama shi, a ɗauke shi a kai asibiti. Kai kuwa sai ka zauna ka yi wa kanka bayani: rashin barci ne, ban ci abinci ba, na sha biyun kusa da juna, gobe zan raba su. Kowane bayani yana da ƙamshin gaskiya, kuma ƙarshen kowanne shi ne ka ci gaba da sha.

Akwai wani likitan tiyata a Amurka, William Halsted, wanda har yau ake ambatonsa a tarihin aikinku. Shi ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata, shi ya kafa tsarin horar da likitocin tiyata a asibitin Johns Hopkins. A 1884 ya fara gwada hodar iblis a jikinsa don ya gano yadda take kashe zafi a jijiya. Bincike ne na ilimi, da kyakkyawar niyya. Ta kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ba shi mofin don a raba shi da ita, sai mofin ɗin ya maye gurbi. Ya rayu shekaru yana sha a ɓoye, ya rasu a 1922, kuma sai a 1969 aka buɗe rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, duniya ta san irin abin da ya yi ta fama da shi. Mutumin da ya fi kusan kowa a zamaninsa sanin jikin ɗan Adam bai iya fitar da kansa ba. Ba ƙarancin ilimi ya hana shi ba, kuma kai ma ba ƙarin karatu zai fitar da kai ba. Wanzami ba ya son jarfa, na sani. Amma wannan karon dole ka zauna a kujerar mara lafiya, ka yanki kati, wani ya yi maka tambayoyin da ka saba yi wa mutane.

Ragewa da kanka a gida lokacin hutu, bari in faɗa maka yadda yakan kasance. Cikin yini ɗaya da rage ƙwayar jiki zai fara nema: hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. Rana ta biyu da ta uku sun fi tsanani. Tramol kuma ya bambanta da sauran danginsa, domin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa na sirotonin da noradirinalin, wanda shi ne dalilin da ya sa kake jin kuzari idan ka sha. Don haka barinsa yana zuwa da wata wahalar daban: faɗuwar gaba babu dalili, firgita, ƙunci mai nauyi, wasu har su ruɗe ko su riƙa ganin abin da babu. A daren nan na uku kana kwance a gidanku, kana ɓoye wa Umma abin da ke damunka, ga sauran ƙwayar a aljihun jaka, kai ne mara lafiyar kuma kai ne mai riƙe da maganin. Mutane ƙalilan ne ke tsallake wannan daren su kaɗai. D5 kuwa haɗarinsa ya fi haka, domin yanke shi lokaci ɗaya bayan an saba yana kawo jijjiga da kansa. Sai an bi shi a hankali, da ido a kanka. Ina kuma roƙonka kada ka je kemis ka sayo wa kanka maganin damuwa irin amitiriftilin ko fuluwoksetin don ka ji sauƙin ƙuncin. Haɗa su da tramol yana ƙara haɗarin jijjiga da taruwar sirotonin fiye da kima.

To ina za ka je? Tsoronka na malamanka na fahimce shi, kuma ba zan ce maka babu mai surutu a asibiti ba. Amma sirrin mara lafiya doka ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin jinyar mutum ba da yardarsa ba, sai a wasu 'yan halaye da ta ƙayyade. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta ƙarfafa haƙƙin masu neman irin wannan magani. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun fi kowa sabawa da ganin abokan aiki sun shigo musu ta ƙofar gefe. Idan akwai guda ɗaya a cikinsu da ka ga yana yi wa marasa lafiya magana da mutunci, ka same shi bayan an tashi daga asibitin waje, ka ce, "Yallaɓai, ina son ganinka a matsayin mara lafiya." Zai gane. Idan zuciyarka ta ƙi, ka hau mota ka tafi wani gari. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da ba naku ba. Hukumar NDLEA ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da layin waya na kyauta. Idan ka zauna gaban likitan, ka faɗi komai: nawa kake sha, tun yaushe, D5 guda nawa, sigari, da faɗuwar nan. Wanda ya rage adadi don kunya, kansa ya cuta, don a kan abin da ya faɗa za a tsara masa magani. Idan kuma tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, ko sau ɗaya ne, shi za ka fara faɗa.

Wuri ɗaya nake hana ka, nake kuma hana duk wanda zai ba iyayenka shawara: gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a jiki. Sarƙa ba ta maganin jijjiga. Addu'a da ruƙiyya ka yi su, ka sa a yi maka, amma tare da asibiti.

Batun kora. Ba zan yi maka alƙawari da bakin jami'arku ba. Abin da zan ce shi ne ɗalibin da ya kai kansa neman magani da ɗalibin da aka kama, ba matsayinsu ɗaya ba a gaban kowane kwamiti. Hanyar da kake kai yanzu ita ce mai kaiwa ga kamu. Nan da shekara biyu zuwa uku, idan Allah ya kai mu, Majalisar Likitoci ta MDCN za ta ba ka rajistar wucin gadi, ka fara shekarar aikin horo. A lokacin biro yana hannunka, takardar rubuta magani tana aljihunka, kana kwana a asibiti kusa da akwatin da ake ajiye alluran kashe ciwo dangin ofiyom, fentazosin da fetidin. Ma'aikatan lafiya da yawa da suka koma yi wa kansu allura, da ƙwaya suka fara suna ɗalibai. Ranar da aka tarar an rubuta wa mara lafiya allura shi kuwa yana ta kuka da ciwo don ba a yi masa ba, ranar ce lasisi ke tafiya, wani lokacin har da kotu. Yanzu kai kaɗai kake cutuwa. A lokacin za a sami na biyu, wanda ya ba ka amanar jikinsa.

Jarrabawar fa? Likitanka ne zai duba ya ce ko za ka iya zama ko a nema maka ɗagewa bisa dalilin rashin lafiya. Idan ta kama ka maimaita shekara, ka maimaita. Akwai ƙwararrun likitoci a ƙasar nan da suka maimaita aji, kuma babu mara lafiyar da ya taɓa tambayarsu. Sannan ka cire wa kanka tunanin cewa tramol ne ya ci maka waccan jarrabawar. Zama ya ba ka a kan kujera, ya ɓoye maka gajiya. Amma sai an yi barci abin da aka karanta yake zama a ƙwaƙwalwa, wannan fisiyolojin da kuka yi ne a aji biyu. Kai ka ci jarrabawarka, da ƙwaƙwalwar da ta kai ka makarantar tun farko.

Ban ɗora maka laifin duka ba. Makarantun likitanci suna da nasu kason. Ana tara wa yara karatun da ya fi ƙarfin awa 24, ana tozarta ɗalibi a gaban mara lafiya don ya kasa amsa tambaya ɗaya, ana yabon wanda ya kwana a aji kamar wani gwarzo, sannan babu ƙofar da yaro zai ƙwanƙwasa ya ce na gaji ba tare da an ce masa rago ba. Wannan yana ɓata min rai matuƙa. Ga ƙwaya kuma ta cika gari. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol ne. Ɗaliban likita a cikin wannan al'ummar suke, farar riga ba ta ware su ba. Shi wanda ya ba ka ta farko, wataƙila yau yana cikin halin da ya fi naka. Ka yi masa addu'a, ka goge lambarsa.

Sigari ma za ka bar shi, amma likitanka ya tsara maka lokacin. Tun 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000 don su ga abin da taba ke yi musu. Da aka cika shekara 50 ana binsu, sakamakon 2004 ya nuna masu sha sun rasa kusan shekara 10 na rayuwa, waɗanda suka daina wajen shekara 30 kuwa sun tsira daga kusan duk wannan asarar. Kana cikin waɗanda lokaci bai ƙure musu ba. Sai dai kada wani ya ba ka bufurofiyon don daina taba, domin ba a ba wanda ya taɓa jijjiga. Cingam ko filastar nikotin sun fi dacewa da kai.

Ka kira kanka munafuki. Munafuki ba ya rubuta irin wasiƙar nan, ɗana. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda yakan ba Annabi (SAW) dariya, kuma an sha kawo shi saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi, yana mamakin yawan kawo shi da ake yi. Sai Annabi (SAW) ya hana a la'ance shi, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Laifin yana nan a matsayinsa na laifi, an kuma yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Kada ka bar salla ko raka'a ɗaya don kana jin ka ƙazantu. Neman magani yana cikin tubanka.

Baba kuwa, ra'ayina ka gaya masa, amma bayan ka ga likita, don ka je masa da matsala da kuma matakin da ka riga ka ɗauka. Idan bakinka ba zai iya ba, ka fara da wanda yake jin maganarsa, kawunka ko yayanka ko Umma, ko ka roƙi likitan ya zauna da ku tare. Zai ji ciwo, wataƙila ya yi kwanaki bai yi maka magana sosai ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane ya ga yara sun kauce sun dawo fiye da yadda kake zato. Kuma za ka buƙace shi, domin magani yana cin kuɗi da watanni, kuma komawa sha bayan an daina abu ne da ke faruwa. Idan ya faru, a koma wurin likita a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kafin ka ga likitan, kada ka ƙara adadi, kada ka haɗa da wani sabon abu, kada ka yanke D5 kai tsaye. Kada ka tuƙa babur ko mota, kada ka kwana a gadon sama, kada ka kulle ƙofar banɗaki, kada ka yi wa mara lafiya allura ko ɗinki. Daren nan kuma ka zaunar da abokin ɗakinka ka sauke masa alƙawarin da ka ɗora masa, domin ka ba shi kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ka ce masa idan ka sake faɗuwa ya janye abin da zai ji maka ciwo, kada ya cusa maka cokali a baki, kada ya danne ka, ya juya ka gefe idan jijjigar ta lafa, ya nemi mota zuwa sashen gaggawa. Idan ya ga kana wani irin minshari, ya tashe ka ka ƙi tashi, ko numfashinka ya yi ƙasa, ko leɓɓanka sun canza launi, kada ya jira safiya. Idan sun isa, ya faɗa wa likitan da ke bakin aiki sunan ƙwayoyin da adadinsu, ko da likitan malaminku ne. Ka kuma roƙe shi ya raka ka ranar da za ka yanki katin.